Da gaske ne wanda ya warke daga Ebola zai iya sa wa matarsa cutar bayan wata da watanni?

ƊalibarLafiya:

Slm 'yan'uwa, dan Allah masu ilimin harkar asibiti a taimaka min. Jiya a aji malaminmu yana mana darasin cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, sai naji ya sako Ebola a ciki, yace wai mutum zai warke sarai, a gwada jininsa a ga ba komai, a sallameshi ya koma gida, amma ƙwayar tana nan kwance a cikin maniyyinsa, wani ma har ta haura shekara. Lokaci ya ƙure bai ƙarasa bayanin ba, ni kuma tun jiyan abin ya tsaya min a rai.

Ni dai yadda na ɗauki Ebola, cuta ce mai zuwa da zafinta, cikin sati biyu ko uku ko dai rai yayi halinsa ko mutum ya tashi, in ya tashi kuma shikenan an rabu. To ya akeyi jini ya zama ba komai amma maniyyi akwai, ba duk jiki ɗaya bane? Kuma tsawon wane lokaci take ɗauka? Su mata fa, suma haka ne?

Wlh abin da yafi damuna shine in na tuna mutumin da ya sha da ƙyar, wataƙila ya binne iyayensa ko 'ya'yansa a wannan annoba, ya dawo gida da murna, sai kuma ace masa kai ne abin tsoro ga matarka. Abin akwai tausayi sosai.

MaiGwajinJini:

Wslm 'yar'uwa. Malaminku gaskiya ya faɗa muku, kuma tambayarki ta farko itace gindin maganar gaba ɗaya, dan haka bari in tsaya a kanta.

Jiki ɗaya ne amma ba ko'ina sojojin jiki suke shiga yadda suka ga dama ba. Akwai wurare da Allah ya katange su, kamar cikin 'ya'yan maraina, cikin ƙwayar ido, ƙwaƙwalwa da laka, sai mabiyiya ga mai ciki. Ki ɗauki maraina misali, shi maniyyi sai yaro ya balaga jiki yake fara yinsa, lokacin kuwa garkuwar jiki ta daɗe da gama tantance waye na gida waye baƙo, to da ace ba katanga tsakanin jini da inda ake ƙera maniyyin da sojojin jiki zasu far masa a matsayin baƙo, mutum ya rasa haihuwa. Haka ido, in aka bar yaƙi da kumburi ya ɓarke a cikinsa gani ne zai tafi. To wannan katangar da take kare mu ita Ebola take laɓewa a bayanta. Lokacin da ciwon yake kan ganiyarsa ƙwayar ta cika jiki maƙil har ta tsallaka can, daga baya sojojin jiki su share jini tas, wadda ta tsallaka kuma tana can inda hannunsu baya kaiwa sosai, tana raguwa a hankali a hankali. Shi yasa zaki gwada jini sau goma ki ga ba komai, ki gwada maniyyin mutum ɗaya ki ganta.

Kuma ba jiya aka fara sanin haka ba. Tun 1967 a garin Marburg na Jamus, cutar Marburg wadda 'yar gida ɗaya ce da Ebola, an samu wanda ya warke ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. A ɓarkewar Kikwit a Kongo a 1995 an fitar da ƙwayar Ebola da ranta daga maniyyin wani mutum kwana 82 bayan fara ciwonsa, to kinga daga irin wannan aka samo shawarar da ake bayarwa a da, wato a ƙaurace ko a sa kwaroron roba na wata 3. Matsalar itace duk ɓarkewar da akayi kafin 2014 ƙanana ne, mutum ɗari biyu, ɗari uku, ɗari huɗu, waɗanda suka tsira basu da yawan da za a bi su a ga ƙarshen abin. Sai da ta Afirka ta Yamma tazo, Gini da Laberiya da Saliyo, ta kama sama da mutum 28,000 ta kashe sama da 11,000, aka wayi gari da dubban mazan da suka tsira, sannan aka gane wata 3 ɗin nan ya yi kaɗan.

Abin da ya fara tada hankalin kowa a Monrovia babban birnin Laberiya ya faru, watan Maris na 2015. Laberiya ta yi makonni ba sabon mai ciwo, ana ta ƙirga kwanaki za ayi shelar an gama, sai ga wata mata ta kwanta, aka gwada Ebola ce, kuma ta rasu. Bata yi tafiya ba, bata yi jinyar kowa ba, abin da aka gano kawai shine ta sadu da wani mutum da ya warke tun shekarar da ta wuce. Aka gwada jininsa ba komai, aka gwada maniyyinsa kwana 199 bayan fara ciwonsa aka ga alamar ƙwayar, da aka kwatanta tsarin halittar ƙwayar da aka samu a jikinsa da ta jikin matar sai aka ga sun dace. Shi kansa bawan Allahn nan ya wuce wata ukun da aka ce masa, bai karya dokar kowa ba.

Daga nan aka dage da bincike. A Saliyo an gwada maza 93, waɗanda suke wata 2 zuwa 3 da fara ciwo su 9 ne kuma duka an gani a jikinsu, 'yan wata 4 zuwa 6 an gani a 26 cikin 40, 'yan wata 7 zuwa 9 kuma 11 cikin 43. Kinga tana sauka, saidai saukar ba gudu take ba. A Laberiya shirin gwada maza da gwamnati ta buɗe ya samu wani da aka gani a jikinsa bayan kwana 565, kuma sun lura waɗanda suka haura shekara 40 tafi daɗewa a jikinsu akan matasa.

Abu ɗaya da nakeso ki riƙe tunda ke ɗaliba ce: gwajin PCR da akeyi ɓurɓushin halittar ƙwayar yake kamawa, baya tantance miki mai rai ce ko gawa ce. Dan haka ba duk wanda gwaji ya nuna a jikinsa bane zai iya sa wa wani. Amma tunda a asibiti ba hanya mai sauƙi da za a ware wannan daga wancan, duk wanda aka gani a jikinsa ana ɗaukarsa a matsayin zai iya, har sai ta ɓace.

BabanHassana:

Innalillahi. To malam ni a nawa ganin in dai haka ne meyasa ake sallamarsu tun farko? Ai kamata yayi a ajiye su a wani waje na musamman har sai an tabbatar ta fita gaba ɗaya, ko shekara ce, a basu abinci a kula da su. Ko kuma a raba su da matansu na wannan lokacin. Dan gaskiya mu maza mun san kanmu, ace mutum yana ɗaki ɗaya da iyalinsa wata goma sha biyu yana kiyaye doka kullum ba fashi, ba kowa zai iya ba, kuma kuskure ɗaya ya isa ya dawo da annobar da ta cinye mutum dubu goma sha ɗaya. Ran mutum ɗaya da na gari guda ai ba ɗaya bane. Ni in ɗiyata ce bazan bari ta koma ɗakin ba sai naga takarda.

HajiyaNas:

Baban Hassana na fahimci tsoronka kuma ban ga laifin uba yaji haka akan 'yarsa ba, amma dan Allah ka bini a hankali, domin wannan shawarar taka in aka bita ita zata kawo abin da kake gudu.

Ka fara tunanin mutumin da zazzaɓi ya kama shi yau a ƙauyen da Ebola ta shiga. Dama can mutane suna tsoron cibiyar jinya dan suna ganin wanda ya shiga baya fitowa, ma'aikata sun sha wahala kafin a shawo kan jama'a su yarda su kawo marasa lafiyarsu da wuri. To sai kuma yaji cewa ko ya warke za a tsare shi shekara guda, gonarsa da sana'arsa da 'ya'yansa duk su zauna ba mai kula da su, kai ka san bazai zo ba, zai kwanta a ɗaki ne matarsa da uwarsa su yi jinyarsa da hannu, kuma nan ne ainihin inda Ebola take cin mutane, amai da gudawa da jinin mai ciwo da kuma wankan gawa. Hanyar saduwa da wanda ya warke gaskiya ce amma 'yar siririya ce in ka haɗa ta da waccan. Cikin dubban mazan da suka tsira a Afirka ta Yamma, inda aka tabbatar cutar ta dawo ta wannan hanya 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Sannan wanda ya warke ɗin nan ba komai a hannunsa, ba komai a numfashinsa, ka gaisa da shi, ku ci abinci kwano ɗaya, ya ɗauki ɗansa, ya koma kasuwa. Hasali ma da yawansu su suka koma cibiyoyin jinya suna kula da yaran da iyayensu suka kwanta, dan su jikinsu ya riga ya samu kariya. Amma ka je ka karanta abin da suka fuskanta bayan sun fito, wani mai gida ya kore shi daga haya, wani aka ƙona kayansa, wata ba mai sayen abin da take sayarwa, wani matarsa ta tafi. Da maganar maniyyi ta fito sai tsangwamar ta ƙaru akan maza, har ya zama wasu basa so a gansu a ƙofar wurin gwaji. Namijin da yake jin kunyar zuwa gwaji kuwa shine wanda ba wanda ya san halin da yake ciki, har shi kansa.

Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara mai sauƙi ne in an samu wanda zai zaunar da ma'auratan ya musu bayani su biyu tare, ba mijin kaɗai ba. A basu kwaroron roba. A gwada maniyyin mijin bayan wata 3 da fara ciwo, in an gani a dinga maimaitawa duk wata har sai gwaji biyu a jere sun nuna babu. Kafin nan ko su haƙura da kwanciya ko su sa kwaroron kowane lokaci, daga farko har ƙarshe. Inda ba halin gwaji sai su kiyaye na wata 12 daga ranar da ciwon ya fara. Sai tsafta, a wanke hannu da jiki da ruwa da sabulu bayan duk abin da ya taɓa maniyyi, kwaroron da akayi amfani da shi kuma a ɗaure a zubar inda yaro ko dabba bazasu kai ba. Takardar da kake cewa sai ka gani, ai ita ce sakamakon gwajin nan biyu, kuma yana gidansa zai samo ta.

Ɗiyata mai tambaya, kin ce mata fa. A Kikwit an taɓa ganin alamar ƙwayar a ruwan gaban wata mata kwana 33 bayan fara ciwonta, amma irin daɗewar nan ta wata da watanni a maniyyin maza aka fi saninta. Mu mata inda tamu damuwar take shine ciki da nono. Wadda cutar ta kama tana da ciki, ko ta warke ƙwayar na iya zama a ruwan mahaifa da mabiyiya, dole haihuwarta ta zama a inda masu karɓar haihuwa suka shirya da kayan kariya. Wadda ta samu cikin bayan ta warke ba wannan maganar a kanta. Ruwan nono shima ana gwadawa, sai an samu gwaji biyu ba komai sannan ta ci gaba da shayarwa. A Gini an yi wata jaririya 'yar wata 9 da ta rasu da Ebola, da aka bincika sai aka ga ƙwayar a nonon uwar da maniyyin uban, su biyun kuma ba wanda ya san ya taɓa yin cutar. Duk sanda na tuna wannan uwar sai zuciyata ta karye.

ƊalibarLafiya:

Allah sarki. Nagode Hajiya, nagode malam. To amma tunda kunce har ido da ƙwaƙwalwa take ɓuya, shi mai ita ɗin fa, zata iya sake tashi ta kwantar da shi kansa? Ko wasu kawai yake sa wa?

MaiGwajinJini:

Tana iya tashi, duk da ba kasafai ba. Akwai Dakta Ian Crozier, likita ɗan Amurka da ya kamu a Kenema ta Saliyo a 2014, aka yi jinyarsa a asibitin Emory a Atlanta ya warke, bayan kamar wata biyu idonsa na hagu ya rikice da ciwo har launin idon ya canza, da suka zuƙo ruwan cikin idon sai ga ƙwayar da ranta. Amma ki lura da kyau, hawayensa da saman idon ba a ga komai ba, kenan ba wanda zai ɗauka a wajensa ta zama tare. Sai Pauline Cafferkey, nas 'yar Sikotland, itama a Saliyo ta kamu, bayan wata 9 da warkewa ta dawo asibiti a Landan da sanƙarau, Ebolar ce da ta laɓe a ruwan laka, kuma nas ɗin ta sake warkewa. Wanda yafi muni a Kivu ta Arewa ne a Kongo a 2019, wani matashi mai haya da babur ya warke aka sallame shi, bayan kamar wata 5 ciwon ya dawo masa gadan-gadan ya rasu, daga shi aka bi sawu aka ƙirga mutum 91 da suka kamu. Shi yasa ake cewa wanda ya tsira in yaji zazzaɓi mai zafi ko ciwon kai mai tsanani ko ido ya fara ja yana gani dishi-dishi, ya garzaya asibiti kuma ya faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa ya taɓa yin Ebola.

Baban Hassana kuma bari in baka gaskiyarka, dan tsoronka ba a banza yake ba. A farkon 2016 bayan an yi shelar Gini ta rabu da cutar, ta sake ɓulla a yankin Nzerekore har ta tsallaka Laberiya, da aka bi diddigi sai aka dangana da wani da ya warke tun 2014, an ga ƙwayar a maniyyinsa kwana 531 bayan fara ciwonsa. Sai kuma wadda ta girgiza masu bincike, Fabrairun 2021 a garin Gouecke, duk a yankin na Nzerekore, mutum 23 suka kamu 12 suka rasu. Kowa ya zaci daga daji ta sake fitowa, jemage ko naman dawa, amma da aka karanta tsarin halittar ƙwayar sai aka ga jikar ta 2014 ce, kuma canjin da tayi ɗan kaɗan ne, wanda da ace tana yawo daga mutum zuwa mutum duk shekarun nan da ta canza fiye da haka nesa ba kusa ba. Masu binciken suka ce abin da yafi kama hankali shine ta kwanta ne shiru a jikin wani da ya tsira, shekara biyar ko fiye. To kaga ko shekara ɗayar da kace a tsare mutum bata rufe ƙofar ba, kuma ba wanda zai tsare dubban mutane shekara biyar.

Abin da ya bambanta 2021 da 2014 shine an gane ta da wuri kuma akwai allurar rigakafi a hannu, Ervebo, wadda a Ginin ma aka gwada ta a 2015 ta hanyar yi wa duk wanda ya kusanci mai ciwo da wanda ya kusanci makusancin. A watan Yuni na 2021 aka yi shelar an gama, wata huɗu kenan. Kuma saboda irin wannan dawowar ne yanzu ko an cika kwana 42 ba sabon mai ciwo, ana ƙara kwana 90 ana sa ido sosai.

BabanHassana:

Hajiya na ji, kuma maganar cewa mutane zasu ɓoye marasa lafiya a gida ta shige ni, ban kawo wannan a raina ba. Na janye batun tsarewa. Amma har yanzu ina nan akan cewa a daina barin abin a hannun miji shi kaɗai, dan wani zai dawo daga asibiti bazai faɗa wa matar abin da likita yace ba saboda kunya ko girman kai, ita kuma ranta ne a ciki. Sannan tambaya, meyasa sai gwaji biyu, ɗaya bai isa ba? Kuma masu son haihuwa fa?

HajiyaNas:

Wannan kam mun haɗu da kai ɗari bisa ɗari, shi yasa nace su biyu za a zaunar. Mace tana da haƙƙin ta ji da kunnenta daga bakin ma'aikacin lafiya, ta san kwanan watan gwaji na gaba, ta ga sakamakon da idonta, kuma in tace yau ba kwaroro ba kwanciya kada dangi su taso ta a gaba. Shi ma mijin yana samun sauƙi in ba shi zai ɗauki nauyin yin bayanin ba.

Gwaji biyu kuwa dalilinsa shine fitar ƙwayar ba kullum take daidai ba. A wani babban bincike da aka bi waɗanda suka tsira a Laberiya an ga mazan da yau a gwada ba komai, wani zuwan kuma a gani, har akwai wanda aka ga alamarta a jikinsa bayan wata 40. Sakamako ɗaya zai iya faɗowa a ranar da bata fito ba, shi yasa ake sake ɗiba bayan an bada tazara.

Masu son haihuwa haƙuri zasu yi har gwaji biyun su fito, daga nan su ajiye kwaroro su ci gaba da rayuwarsu kamar kowa, kuma da yawa daga waɗanda suka tsira a Gini da Saliyo da Laberiya sun haifi 'ya'yansu lafiya lau bayan haka.

ƊalibarLafiya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wlh na ƙaru. Ran Litinin in malam ya dawo kan darasin zan roƙe shi ya tsaya akan maganar zaunar da miji da mata tare ɗin nan, dan yawancinmu a ajin nan gaba mu ne zamu zauna gaban irin waɗannan ma'auratan, kuma jiya da aka ambaci kalmar maniyyi rabin ajin sunkuyar da kai suka yi.